Hula Biyu a Gidan Malam Mati

In kun san unguwarmu a Ƙanƙara, kun san gidan da lemun tsami ya leƙo ta saman katanga. Nan nake, ni Barakatu. Da can sai in ce maku gidanmu ne, yanzu kuwa sai dai in ce gidan da muke ciki, kada wani ya kai ni ƙara.

Maigidana mutanen gari na ce mashi Mati Dillali, Allah ya yafe mani na kama sunan, ni Malam nake ce mashi. Tun kafin ya aure ni dillalin shanu ne a kara, kuma ba don mijina ne ba, Allah ya yi wa mutumin nan baki. Saniyar da ta tsufa har tana tafiya tana tsayawa tunani, in Malam ya dafa gadon bayanta ya fara magana, sai mai ita ya ji kamar ya fasa sayarwa, mai saye kuma ya ji in ya bar ta ya bar arzikinshi. A waje ke nan fa. A gida kuwa, duk zaman da muka yi ban taɓa jin ya ce miyata ta yi daɗi ba. In ya cinye ya turo kwano, yabon ke nan.

Da lamarin daji ya lalace, shanu suka yi wuya, kara ta bushe, Malam ya dawo gida ya zauna. Kai, kada Allah ya haɗa mace da dillalin da ba shi da abin dillanci! Akuyata guda ɗaya, kullum sai ya buɗe mata baki ya duba haƙora, har ta kai in ta hango shi sai ta shige bayan rumbu. Kajin maƙwabta ya taya su kaf, ba wanda ya ce na sayarwa ne. Ran nan Nana autarmu ta wuce da tulu, na ji yana ce mata ta dawo ta sake wucewa ya ga tafiyarta. Da farko dariya nake yi. Da na ga ya daina zuwa majalisa, wuyan riga ya yi mashi yawa, yana zama gindin lemu yana kallon ƙasa har a kira la'asar, sai dariyar ta ɗauke. Tsoro ya kama ni, gaskiya, don na ga mutum yana ƙarewa a zaune.

A daidai lokacin mutanen ƙauyuka na ta kwararowa gari, na 'Yargoje da na bayanta, kowa na neman fili ko ɗakin haya. Dillalan filaye suka yi ƙiba, kowa da babur da waya biyu. Malam ya ce ai dillanci dillanci ne, gida ma ya fi saniya sauƙi tunda ba ya harbi. Ya ɗauko tsohuwar hularshi ta kara, wadda gumi ya mai da bakinta baƙi, ya kafa ya fita. Bai kai ga nuna fili na farko ba aka tare shi, wai ina lasisinshi.

Ashe dillalan filayen garinmu sun kafa ƙungiya, suna zama gindin wata darbejiya kusa da tasha, kuma ba mai nuna ko akurkin kaji sai da lasisi. Lasisin nan wani ɗan kati ne mai hoto da aka lulluɓe da roba, ana rataya shi a wuya. Shugabansu Alhaji Sagiru, mutum mai sanyin murya, wanda ko korarka zai yi sai ya fara tambayar lafiyar iyalinka. Malam ya ba ni labarin yadda suka yi.

"Abu mai sauƙi," in ji Alhaji Sagiru. "Ka sayar da gida ɗaya gaban shaidunmu, mu ga iyawarka, mu ba ka lasisi."

"To Alhaji, a ba ni gidan in sayar."

"Subhanallahi! Ba ka da lasisi za ka sayar da gidan mutane?"

Malam ya ce ya juya maganar nan a kanshi ta gaba ta baya, bai ga ƙofa ba. Sai Alhaji ya tausaya mashi, ya ce akwai wata hanya. Ƙungiyarsu da ta Faskari da ta Sabuwa sun yi yarjejeniya, ku karɓi namu mu karɓi naku. Duk wanda ya zo da lasisin ɗayansu, sauran biyun za su buga mashi hatimi ba tambaya. Ya je Faskari kawai ya karɓo, su nan ko zama ba sai ya yi ba.

Malam ya tafi Faskari da murnarshi. Shugaban can, Malam Bilya, ya tarbe shi hannu biyu, ya sa aka damo mashi fura, ya ce ai mutumin Ƙanƙara ɗan gida ne, yarjejeniya ta haɗa su, ya fito da lasisin Ƙanƙara a buga mashi yanzu-yanzu. Da Malam ya ce ai shi ya zo nema, sai Malam Bilya ya ɗan janye kwanon furar, ya ce to ya gwada Sabuwa.

Da ya dawo ya gaya mani, na ce, "Malam, tsaya. Shi Alhaji Sagiru ina ya samo nashi?"

"Faskari suka karɓe shi."

"Na Faskarin fa?"

"Sabuwa."

"Na Sabuwar?"

Ya sosa ƙeya. "Ƙanƙara."

Ikon Allah! Daga baya muka ji yadda aka yi. Ranar da aka kafa ƙungiyoyin, shugabannin uku suka zauna tabarma ɗaya, kowa ya riƙe katin na kusa da shi, aka yi bisimilla suka miƙa wa juna a tare, don kada a ce wani ya riga wani. Mabiyansu ma haka, wannan gari ya karɓi na wancan. Duk cikin garuruwan nan uku ba mahalukin da ya taɓa yin jarrabawar sayar da gida gaban shaidu. Na ce wa Malam ya haƙura ya kama sayar da rake, ya kalle ni kamar na zagi iyayenshi.

Ya sake sa ƙafa sai Sabuwa, ta Mairuwa, a bayan motar masara. Shugaban can Alhaji Awwal, attajiri ne mai son a ce shi ya warware abin da ya gagari kowa. Ya saurari Malam, ya shafa gemu, ya ce ai ba wanda ya isa ya hana mutum sayar da gidan kanshi, ko yana da lasisi ko ba shi da shi. In Malam na da gida, ya sayar da shi gabansu, su shaida, jarrabawa ta yi.

Malam ya shigo mani fuska na ƙyalli, rabon da in ga haƙoranshi har na manta.

"Gidan wa za ka sayar?" na ce.

"Namu. Amma na wasa ne."

Wai Gide ƙanena, mai shayi a bakin tasha, shi zai zo a mai saye. Ya taya, a sallama mashi, shugabanni su shaida, a ba da lasisi, daga baya Gide ya ce ya fasa. Gide fa, wanda ko teburin shayinshi na aro ne.

Na ce ban yarda ba, kuma bari ku ji dalili. Gidan nan fili ne fayau muka same shi, sai ƙaya da kashin awaki. Malam ya yi tubali, ni da ƙawayena muka yi daɓen ɗakuna muna waƙa. Bayan ɗakina nan ungozoma ta binne mabiyiyar duk ɗiyan da na haifa, kamar yadda ake yi. Har da ta Fatima Zahra'u, ta tsakiyarsu, wadda ba ta kai yaye ba Mai ita ya karɓi abinshi. Kabarinta ruwa ya daɗe da shafe shi, kuma ni mace ba maƙabarta nake zuwa ba. Abin da ya rage mani nata shi ne wurin nan, a kanshi na dasa lemun. Malam kuwa tun ranar da ya dawo daga kai ta bai sake ambatonta ba, ni a zatona ya manta.

"Barakatu, wasa ne," ya ce. "Gide ne fa."

Na kalli wuyan rigar nan da ke zamewa har kafaɗa, na ce Allah ya sa alheri.

Saura matsala ɗaya. Alhaji Awwal ya aiko cewa ciniki ba ya tsayuwa sai da mutum uku, mai kaya da dillali da mai saye, ga shi Malam shi ne mai kayan shi ne dillalin. Aka yi ta shawara ta waya, aka tsaya a kan hula biyu da tabarma biyu. In ya sa baƙar hular kara, dillali ne. In ya zauna ɗaya tabarmar ya sa farar hularshi ta zaman gida, maigida ne, kuma ba a yarda ɗayansu ya yi magana da hular ɗan'uwanshi ba.

Ranar da aka sa, da hantsi, shugabannin uku duk suka zo, don ba wanda ya taɓa ganin jarrabawa a cikinsu, kowa na so ya ga yadda take. Aka ce a gyara maza za su shigo, na shige ɗaki na saki asabari, na kafa ido a tsakanin karan. Ga Gide nan cikin babbar rigar aro, yana tafiya yana take ta.

Malam ya kafa baƙar hula ya fara. Wayyo ni, da ƙasa za ta buɗe da na shige. Ya ɗaka wa katanga duka da tafin hannu, ya ce, "Ku ji nama!" Ya wage ƙofar zaure ya ce Gide ya leƙa ya ga haƙora. Ya ce gidan nan bai taɓa ciwo ba, ba ya harbi, ba ya tsallake shinge ya shiga gonar mutane, inda ka ɗaure shi nan za ka same shi. Malam Bilya ya toshe baki da hannun riga. Alhaji Sagiru ya juya baya wai yana kallon rumbu, kafaɗunshi na rawa.

Malam ya ga dariya suke mashi. Ya tsaya daidai ƙofar ɗakina, yana kallon ƙasa. Da ya sake buɗe baki, muryar ba wadda na sani ba ce.

"Alhazai, ku taka daɓen nan. A'a, ku cire takalmi ku taka. Wannan ba siminti ba ne, hannun mace ne. Wadda ta yi shi da tsohon ciki ta yi shi, ta yi ta bugu har tafinta ya fashe, ta ɓoye hannun cikin zane kada mijinta ya gani. Ya gani. Damina nawa ta wuce a kanshi, ku nemo mani tsaga ɗaya."

Suka cire takalma, manya-manyan mutane, suna taka daɓena kamar masu gwada sanyin ruwa.

Ya ja su bakin rijiya, ya jawo guga ya ba kowa ya sha. Ya ce shekarar da rijiyoyin unguwa suka ƙafe wannan ba ta ƙafe ba, kuma matar gidan ba ta rufe ƙofa ga kowa ba, har waɗanda ba ta shiri da su. Ya nuna murhu. Ya ce miyar da ake yi a murhun nan, mutum kan bar naman da Alhazai suka saya mashi a kasuwa, ya ce ya ƙoshi, ya taho gida da yunwarshi saboda ita.

Ni 'yasu! Ashe ya sani. Duk shekarun nan ya sani, ya bar ni ina ɗanɗana miya ina tambayar Nana ko gishiri ya ji.

Sai ya zo gindin lemu. Ya dafa shi yadda yake dafa saniya.

"Wannan kuma," ya ce, "akwai wata baƙuwa da ta zo gidan nan ba ta daɗe ba. Nan aka binne mabiyiyarta. In ta yi dariya kumatunta na lotsawa, ɓangare ɗaya kawai. Maigidan nan kullum in ya dawo daga kara sai ya tsinki ganye ɗaya ya murza ya shaƙa kafin ya shiga ɗaki. Matarshi na zaton tsutsa yake dubawa."

Na zauna daɓas bayan asabari, na cusa bakin mayafi a baki. Na yi kuka, kukan daɗi da na baƙin ciki duk a haɗe, ban san wanne ya fi yawa ba.

Kukan wani na ji ya danne nawa. Na leƙa, Gide ne, yana share majina da rigar mutane.

"Wallahi Yaya Malam," ya ce, "gidan nan ya fi ƙarfina. Ni mai shayi ina ni ina wannan gida? Ko da wasa ba zan iya taya shi ba. Na janye."

Gide, Allah ya shirye ka! Da muciya na kusa da ni da ta same shi a ƙeya. Aiki ɗaya aka ba shi a duniya, ya buɗe baki ya yi ƙarya, shi da ke sayar da ruwan zafi da sunan shayi.

Sai Alhaji Awwal ya yi gyaran murya, idanunshi jajur.

"Ni na taya," ya ce. Ya faɗi abin da ya faɗa, irin kuɗin da ba a taɓa ambata ba a tsakar gidana.

Alhaji Sagiru ya ce cikin sanyin muryar nan tashi, "Dillali, an yi tayi. Sai ka kai wa mai kaya."

Malam ya taka zuwa ɗaya tabarmar, ya durƙusa gaban farar hula ya faɗa mata tayin. Ya cire baƙa, ya zauna, ya sa fara.

"Albarka," ya ce, yadda mai kaya ke cewa in bai sayar ba.

Na sauke ajiyar zuciya. Ya tashi, ya canza hula, ya dawo gaban Alhaji Awwal. Abin da zai ce kawai shi ne mai kaya ya ƙi, kowa ya kama gabanshi. Amma bakin da ya saba da kara, kafin mai shi ya farga ya riga ya yi aikinshi.

"Alhaji, mai kaya ya ce albarka. A ɗan ƙara mana."

Alhaji ya ƙara. Malam ya kai, farar hula ta ce albarka. Ya dawo, baƙar hula ta ce a ƙara. Haka suka yi ta yi, yana zirga-zirga tsakanin tabarmi yana zuba gumi, Alhaji Awwal kuma abin ya zame mashi na girma, ba zai bari a ce wani maigida ya gagare shi gaban takwarorinshi ba. Na yi tari, na buga kwano da ludayi, na kira sunan akuya da ƙarfi. Ba wanda ya waiwayo.

Can sai Malam Bilya ya ce, "Dillalin da ya kasa shawo kan mai kaya ai bai ci jarrabawa ba."

"Kuma ka san yarjejeniyarmu," in ji Alhaji Sagiru. "Yadda muke karɓa tare haka muke ƙi tare. Wanda Sabuwa ta mayar, Faskari da Ƙanƙara sun mayar, har abada. Yaya iyali dai?"

Na ga Malam ya gyara zaman baƙar hula da hannu biyu. Na san wannan gyaran, shi yake yi in ya ƙudura sai saniya ta bar hannun mai ita. Ya je ya tsuguna gaban tabarmar da ba kowa sai farar hula, ya kwantar da murya.

"Haba Malam Mati. Ka dubi girman mutanen nan da suka taso tun daga Sabuwa. Ni fa na san halin da kake ciki. Ka daina zuwa majalisa don kada a tambaye ka me kake yi. Akuya ma gudunka take. Gida ai ƙasa ce, mai sana'a ya gina wani. Wanda ba shi da sana'a fa, me zai gina?"

Ya zauna, ya sa fara. "Iyalina fa?"

Ya tashi, ya sa baƙa. "Iyalinka ka kalli idonta kwanan nan? Tsoro take ji, kada wata rana ta same ka gindin bishiyar nan ka ƙare. Ta fi son ganinka a tsaye."

Kun ji mugun dillali! Duk inda maigidan ke da rauni ya sani, tunda tare suke kwana. Har Malam Bilya ya manta da kanshi, ya matsa kusa da farar hula yana cewa, "Kar ka yarda, Malam, daɗin baki ne!" Gide kuma na gefe yana sabon kuka.

Malam ya zauna ya sa fara. "Ɗiyata na nan," ya ce, a hankali.

Na ce to, yanzu kam dillali zai ji kunya ya yi shiru. Ya daɗe kafin ya miƙe. Ya sa baƙa, ya tsuguna.

"Ɗiyarka tana wurin da ya fi nan. Nana ce ke nan, kuma ita tuwo take ci."

Ya koma ya zauna. Ya ɗora farar hula, a karkace ma. Kanshi a ƙasa ya ce, "Na sallama."

Aka shafa fatiha, aka ce Allah ya sa albarka. Alhaji Sagiru ya ce shi dai tunda yake bai taɓa ganin dillanci irin wannan ba, ashe haka jarrabawa take.

Alhaji Awwal ya miƙo hannu a gaisa a tashi, Malam ya ce a dakata. A kara ba a gama ciniki sai igiya ta bar hannun mai kaya ta koma hannun mai saye. Aka ce mashi gida ba ya buƙatar igiya, ya ce shi bai san wani ciniki ba igiya ba. Ya waiga, igiya ɗaya ce a gidan, ta guga. Kafin ya isa bakin rijiya na yafa mayafi na fito na riga shi, na naɗe ta a hannu. Maza suka kau da kai.

Ya tsaya gabana da baƙar hula, ya kasa kallona.

"Malam," na ce, yadda ba mai ji sai shi, "abin da ka faɗa ɗazu, na daɓe da miya da lemu, dillanci ne ko gaskiya?"

"Tunda nake dillanci," ya ce, "yau ne kaɗai ban ƙara ko gishiri ba."

Rijiya na nan buɗe kusa da ni. In na saki igiyar nan ciki, a dokar Malam ciniki bai yiwu ba, gidana na nan. Shi kuma ya zama wanda ya ce ya sallama gaban dattawan gari uku maganarshi ta dawo, ya koma gindin lemu ya ƙarasa ƙarewa. Na kalli fuskarshi, ga hawaye ga gumi, amma da rai a cikinta irin wanda na daɗe ban gani ba. Na warware igiyar na miƙa mashi. Raina ya ɓaci, kuma har yau bai gama gyaruwa ba.

Sabuwa ta ba shi lasisi. Faskari ta buga hatimi ba tambaya, Malam Bilya har da sabuwar fura. Ƙanƙara ta buga, ko zama bai yi ba, kamar yadda aka yi mashi alkawari. Ya rataya kati a wuya, ya koma majalisa, wuyan riga ya cika. Na ce to ya je ya sayo mana gidanmu, ya ce doka ta hana dillali sayen abin da ya yi dillancinshi. Kuɗin kuwa kar ku tambaye ni. Babur ya saya, sauran Alhaji Sagiru ya sayar mashi da wani fili a bayan gari, da rani fili ne, da damina agwagi ke iyo a kai.

Muna ɗaure kaya sai ga saƙo daga Sabuwa. Alhaji Awwal ba zama zai yi a gidan ba, haya zai ba da shi, kuma ba dillalin da ya san gidan kamar Malam, shi ya ɗora a kai. Malam ya sa baƙar hula, ya zagaya gari neman ɗan haya na kirki, ya dawo ya ce ya bincika ba wanda ya fi cancanta irin wani Malam Mati. Muka kwance kaya. Duk shekara dillali na zuwa ya shimfiɗa tabarma biyu a zaure ya yi wa ɗan haya ƙari, ɗan haya ya yi ta magiya, kuma bai taɓa yin nasara ba ko sau ɗaya.

Duk wannan na haɗiye. Sai bana Alhaji Awwal ya ga unguwa ta cika, ya ce a fasa katangar bayan ɗakina a fitar da shago, lemun nan a sare shi. Na ji labarin a bakin Gide, don a teburinshi aka yi maganar.

Ran nan bayan azahar ina tankaɗe sai na ji babur ya tsaya. Maimakon a shigo, sai na ji sallama daga zaure, ana ƙara ta da ƙarfi irin ta baƙo. Na leƙa. Malam ne da baƙar hula, kati a wuya, gatari a hannu.

"Salamu alaikum! Dillali ne, daga wurin Alhaji. A yi mani iso wurin ɗan haya."

Na ajiye rariya. Tunda aka kafa garin nan, baƙon namiji ba ya shiga gidan matar aure mijinta ba ya ciki, ko shi wane ne, ko me ya rataya a wuya.

Na ɗaga murya na ce, "Ba ya nan. Ya fita tun safe."

Can ya ce, "Yaushe zai dawo?"

"Bai faɗa ba."

Ya tsaya a zauren nan har aka kira la'asar, ina jin shi yana gyara tsayuwa yana tari. Ƙafarshi ba ta ƙetare dokin ƙofa ba. Daga baya na ji babur ya tashi. Washegari ya sake zuwa, na ba shi amsar jiya. Yanzu an kwana biyu ana haka, har ya kai wa Alhaji Awwal rahoto cewa ɗan hayar nan mutum ne mai wuyar samu, amma ana kan bibiya.

Jiya ma ya zo na sallame shi. Da yamma sai ga Malam ya shigo da farar hula, baƙar na leƙowa daga aljihu. Ya wuce gindin lemu, ya tsinki ganye ɗaya ya murza ya shaƙa, yanzu ba ya ɓoyewa. Na kawo mashi tuwo, ya ci ya turo kwano.

"Wa na ji an ce ya zo ɗazu?" ya ce.

"Wani dillali ne."

Ya ɗaga kai ya kalli lemun, ya daɗe yana kallo.

"Barakatu, mutumin nan na san bakinshi," ya ce. "Don Allah kar ki bari ya same ni."